Abin da Ya Cece Su a Fari Ya Kashe Su a Ɗari



Kowa a cikinmu ya san ƙerana da ake shinge da ita, da aguwa da ake dasawa a iyakar gona, da tinya, da moɗa, da zabuwa mai ɗigo-ɗigo a ganye. A shekarun nan kuma wata 'yar'uwar zabuwa ta shiga gidajenmu, watau alobera, wadda ake dasawa a tukwane domin shafawa a ƙuna da gyaran fata. Dukan waɗannan halinsu ɗaya ne, suna ajiye ruwa a jikinsu. Sa'ad da rani ya yi tsanani, ciyawa ta bushe, rijiya ta ja baya, su kuwa suna nan da ransu. Saboda haka mukan ce ba abin da ke kashe su.

Amma akwai abin da ke kashe su, a dare ɗaya ma. Abin nan shi ne ɗarin da ke daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara. A wannan fitowa za mu ba ku labarin wasu manoma a ƙasar Amurka waɗanda irin wannan ɗari ya cinye musu gonaki har sau uku, da abin da suka koya. Darasin kuwa gajere ne. Ruwan da tsiron ya ajiye, wanda ya cece shi a lokacin fari, shi ne ke kashe shi a lokacin ɗari. Wanda ya gane wannan ya gane yadda zai kare shi.

Kafin mu shiga labarin, sai mu tuna da ma'aunin zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana daskarewa a digiri 0, watau sifiri. Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40. Daren hunturu a Kano, wanda ke sa mu kwana kusa da wuta, yakan sauka wajen digiri 12 ko 13 ne kawai. Idan muka ce "ƙasa da sifiri", muna nufin sanyin da ya fi na ƙanƙarar da ake sayarwa a kasuwa sa'ad da take narkewa.

Gonakin alobera a kwarin Riyo Girande

Teksas babbar jiha ce a kudancin ƙasar Amurka. A can ƙarshenta wajen kudu akwai kogi mai suna Riyo Girande, shi ne iyaka tsakanin Amurka da Meksiko. Ƙasar bakin kogin nan tana da ɗumi, ana kuwa noma da ruwan kogin. Manoman wurin sun shahara da lemu, da albasa, da kabeji, da auduga. Wasu kuma suka shiga noman alobera, gona guda ba kome sai ita, layi-layi kamar abarba. Sukan yanke ganyen, a fitar da ruwan nan mai yauƙi da ke ciki, a sayar wa masu yin man shafawa da sabulu. Yawancin shekaru ɗari ba ya damunsu, har mutane suka saki jiki.

A makon Kirsimeti na shekarar 1983, wata iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewa. A garin Brownsville, kusa da inda kogin ke shiga teku, ma'auni ya sauka wajen digiri 7 ƙasa da sifiri. A wurare da yawa sanyin ya yi fiye da kwana biyu bai hau sama da sifiri ba. Kusan kashi biyu cikin uku na gonakin lemun kwarin suka lalace. Alobera kuwa, da rana ta fito ƙanƙara ta narke, sai ganyen ya kwanta ƙasa ya zama ruwa-ruwa, bayan 'yan kwanaki ya fara wari.

Manoma suka yi haƙuri suka sāke dasawa. Alobera takan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ganyenta ya isa yanka. Ba su daɗe da fara cin moriya ba, sai ga ɗari ya komo a watan Disamba na 1989. Wannan karo ma'auni a Brownsville ya kai kusan digiri 9 ƙasa da sifiri. Gonakin suka sāke mutuwa. Bayan wannan ne manyan masu noman alobera suka kai yawancin aikinsu kudu, zuwa jihar Tamaulifas ta Meksiko da tsibiran Karebiya, inda ɗari ba ya kai haka.

Na uku ya zo a tsakiyar watan Fabrairu na 2021, ya kuwa rufe jihar Teksas duka. A birnin Dalas sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifiri. A Ostin, babban birnin jihar, an yi wajen kwana shida ma'auni bai hau sama da sifiri ba. Wutar lantarki ta ɗauke wa gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu. Hukumar jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasa ransu. Malaman gona na Jami'ar A&M ta Teksas sun ƙiyasta hasarar noma da kiwo a kan dala miliyan 600 ko fiye. Masu renon tsire-tsire na sayarwa waɗanda suka dogara ga na'urar ɗumama ɗaki sun ga ta kansu, gama da wuta ta ɗauke, na'urar ta tsaya. A lambunan gidaje kuwa, tsire-tsire masu ajiyar ruwa da aka yi shekaru ana reno sun narke cikin mako ɗaya.

Abin da ƙanƙara ke yi a cikin ganye

Masu sayar da ƙanƙara sun san cewa idan aka cika kwalba da ruwa har baki aka sa a firji ta daskare, kwalbar takan fashe. Dalili shi ne ruwa yana kumbura idan ya daskare. Kwano 11 na ruwa yakan ci wurin kwano 12 idan ya zama ƙanƙara.

Ganyen tsiro kuwa cike yake da 'yan ɗakuna ƙanana kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani, kowanne da ruwa a ciki. Sa'ad da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ƙanƙara takan fara fitowa a tsakanin ɗakunan nan. Tana girma tana janye ruwa daga cikinsu, tsininta kuma yana yayyaga bangonsu. Muddin ganyen yana daskare ba a ganin ɓarnar sosai. Sai ya narke, sa'an nan ruwan ya tsiyaye ta inda bangon ya yage, ganyen ya yi laushi, ya yi duhu kamar wanda aka dafa.

To, ganyen alobera kusan duka ruwa ne. Cikin kashi 100 na yauƙin da ke ciki, wajen kashi 99 ruwa ne. Ganye mai kauri cike da ruwa haka, daidai yake da kwalbar nan da aka cika har baki. Shi ya sa alobera ke fara lalacewa da zarar sanyi ya taɓa sifiri, in ya ƙara sauka kaɗan kuma ya daɗe, sai ta mutu har saiwa.

Ba dukansu ne ke jin tsoron ɗari ba

Akwai wani dangin tsiro na nahiyar Amurka da ake kira kaktus. Yana kama da ƙerana a ido, amma ba danginta ba ne, ba shi da farin ruwan nan mai dafi. Wani ƙaramin irinsa yana tsirowa a jeji har can ƙasar Kanada, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ba ya kuwa mutuwa. Ga yadda yake yi. Da kaka ta yi, yini ya fara gajarta, sai ya rage ruwan jikinsa da kansa. Ya yanƙwane, ya kwanta ƙasa kamar matacce. Ɗan ruwan da ya rage ya yi kauri da sukari, ruwa mai kauri kuwa ba ya saurin daskarewa. Da ɗumi ya komo sai ya sha ruwa ya miƙe.

A nan Afirka ma, a kan tsaunukan Lesoto, akwai wata 'yar'uwar zabuwa mai ganye a murɗe, wadda dusar ƙanƙara ke rufewa a lokacin sanyi ba ta mutu ba. Tana fitowa a gangaren dutse ne, inda ruwa ba ya kwanciya a gindinta.

Wannan ya nuna mana abu biyu. Na fari, iri ya bambanta da iri. A Teksas a 2021, yawancin kaktus mai ƙaya na jejin jihar ya farfaɗo, amma baƙin da aka kawo daga ƙasashe masu ɗumi domin ado, su ne suka fi mutuwa. Na biyu, tsiron da ya shiga ɗari da ƙishi ya fi wanda ya shiga a ƙoshe tsira. Dukan dabarun da za mu faɗa a ƙasa daga nan suka fito.

Ɗari iri biyu ne

Akwai ɗarin daren da sama ta yi garau, ba gajimare, ba iska. Da rana ƙasa takan sha zafi, da dare kuma zafin nan ya tashi sama ya tafi. In ba gajimaren da zai tare shi, sai fuskar ƙasa ta yi ta hucewa har asuba, raɓa ta daskare a kan ganye ta yi fari kamar gishiri. Wannan ɗari na 'yan sa'o'i ne, da hantsi ya wuce. Shi ne mai sauƙin magani.

Akwai kuma ɗarin da iska ke kawowa daga nesa, irin na 1983, da 1989, da 2021. Yana zuwa da ƙarfi, yana kwana yana yini, har ƙasa kanta ta daskare. Wannan ba a cika cin nasararsa a fili ba. Abin da za a iya shi ne a ceci saiwa da iri.

Shiri tun kafin ɗari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin aikin kare tsire-tsiren nan ana yinsa ne tun ranar dasawa.

Na ɗaya, zaɓen wuri. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare takan gangara kamar ruwa ta taru a kwari. Gona ɗaya, tsiron da ke kwari ya daskare, na kan tudu ya tsira. Manoman can sukan dasa a gangare ko a tudu. A gida kuwa sukan dasa a jikin bangon da rana ta fi bugawa, ko kusa da manyan duwatsu, gama bango da dutse suna shan zafi da rana su sake shi da dare. Gindin itace ma yana taimako. A hamadar jihar Arizona akwai wani dogon kaktus mai suna saguwaro. An lura cewa ƙananansa sun fi tsira idan sun tsiro a ƙarƙashin wani itace, domin rassan suna tare zafin ƙasa kada ya gudu sama.

Na biyu, ƙasa mai tsane ruwa. Saiwar da ke zaune cikin laka mai sanyi takan ruɓe ko da ƙanƙara ba ta taɓa ta ba. Ana yin kunya mai tsayi, a gauraya ƙasa da rairayi mai kauri da tsakuwa, a zuba tsakuwa kewaye da gindi. Tukunya kuma lalle ta kasance da huji a ƙasa.

Na uku, rage ban ruwa. Tun makonni kafin ɗari ake ragewa, sa'ad da ya matso kuma a daina. Ko ganyen ya ɗan yanƙwane kada a damu, alamar shiri ce. A nan sai mu lura da kyau. Masu lemu da kayan lambu a can sukan jiƙa ƙasa kafin daren ɗari, gama ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafi. Wannan daidai ne ga lemu da kabeji. Ga tsiro mai ajiyar ruwa kuwa hasararsa ta fi ribarsa, domin zai sha ya cika jikinsa, ya zama kwalbar da muka ambata.

Na huɗu, kada a ba da taki a ƙarshen shekara, musamman irin su yuriya. Taki yana sa sabon toho mai laushi mai ruwa, shi ne kuwa ɗari ke fara ci.

Na biyar, ajiye iri. Wannan shi ne ya fi duka arha. Tsire-tsiren nan suna da wata baiwa, ana iya tuge ɗan alobera daga gindin uwarsa, ko a yanke reshen kaktus, a ajiye a ɗaki a busasshen wuri har makonni ba ƙasa ba ruwa, ba zai mutu ba. Wanda ya cika kwando biyu da 'ya'ya ya shigar ɗaki kafin ɗari, ko gonar ta ƙare duka yana da abin dasawa. Wanda bai yi ba sai ya saya da tsada, a lokacin da kowa ke nema.

Daren da ɗari zai sauka

A ƙasashen nan hukumar duba yanayi takan ba da gargaɗi a rediyo kwanaki kafin babban ɗari. Mai hankali ba ya jira sai dare.

Abin da ke tukunya a shigar da shi ɗaki. Saiwar da ke tukunya ta fi wadda ke ƙasa saurin daskarewa, gama sanyi na bugunta ta kowane gefe. Ba sai ɗakin ya yi zafi ba. In bai sauka ƙasa da digiri 5 ba ya isa. A ajiye inda akwai ɗan haske, kada a ba da ruwa.

Abin da ke ƙasa a rufe shi tun kafin rana ta faɗi, tun ƙasa tana da sauran ɗuminta. Ana rufewa da tsohon bargo, ko zane, ko buhun algarara, ko kwali. Ga inda mutane da yawa suka yi kuskure. Tsiro ba kamar mutum ba ne, jikinsa ba ya fid da zafi. Bargon da aka naɗe wa ganye aka ɗaure a wuya bai tare kome ba. Zafin da ake so a riƙe daga ƙasa yake fitowa. Saboda haka sai mayafin ya sauka har ƙasa ta kowane gefe kamar bukka, a danne bakinsa da duwatsu kada iska ta shiga. Rufi irin wannan yakan ƙara digiri 2 zuwa 4, sau da yawa kuwa wannan ne tsakanin rai da mutuwa.

A kafa 'yan sanduna domin mayafin kada ya kwanta a kan ganye. Leda kuwa kada ta taɓa ganye ko kaɗan, gama duk inda ta taɓa nan ɗari zai ƙone. Amfanin leda shi ne a shimfiɗa ta a bisa bargo domin ta tare ruwan sama da iska. A tsaunukan Meksiko, inda ake noman wani kaktus mai faɗin reshe da suke kira nopal domin miya, manoma sukan lanƙwasa ƙarafa a kan layi su ja leda a bisa, ta zama 'yar doguwar rumfa wadda ba ta taɓa tsiron. Da haka suke samun na sayarwa a lokacin ɗari, sa'ad da kaya suka yi wuya kuɗinsu ya hau.

Dogayen kaktus waɗanda ba su rufuwa duka, a kan tsininsu suke girma, can ne kuma ya fi laushi. Masu lambu a Arizona sukan kifa musu kofi mara nauyi ko jakar takarda a kai kamar hula.

Idan ɗarin mai tsanani ne, a ƙara abin ɗumi a ƙarƙashin rufin. Jarka cike da ruwa da ta yini a rana takan yi dare tana sakin zafi a hankali. Ƙwan lantarki irin na dā mai zafi yana taimako, amma na zamani mara zafi ba ya yin kome. Shekarar 2021 ta koya wa mutanen Teksas kada su dogara ga lantarki kaɗai. Ta kuma koya musu wani abu mai ɗaci. Cikin waɗanda suka mutu akwai waɗanda suka hura gawayi ko suka ta da janareto a rufaffen ɗaki domin ɗumi, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa ya kashe su. Ba tsiron da ya isa a yi wannan kasada dominsa.

Idan an san ganye ba zai tsira ba, a ceci gindi. A tara busasshiyar ƙasa ko busasshiyar ciyawa a rufe gindin sosai. In saiwa da cibiya sun rayu, sabbin 'ya'ya za su fito.

Da safe, in rana ta fito sanyi ya hau sama da sifiri, a buɗe rufin domin iska ta shiga ƙasa kuma ta sha rana. Da yamma a mayar. Ƙasa ko ciyawar da aka tara a gindi kuma a janye ta da zarar ɗari ya wuce, kada ta riƙe laima ta ruɓar da tsiron.

Bayan ɗari ya wuce

A nan ne ake bukatar haƙuri. Mutum ya fito ya ga lambunsa ya kwanta baƙi ƙirin, zuciyarsa ta ce ya ɗauko adda ya sare duka, ko ya ba su ruwa da taki su farfaɗo. Malaman gona na Teksas sun yi ta roƙon jama'a a 2021 su dakata, gama sauri kan haifi nawa.

Kada a ba da ruwa. Saiwar da ta ji ciwo ba ta iya sha, ruwan zai ruɓar da ita ne. Kada a ba da taki sai an ga sabon toho.

Ganyen da ya bushe ya ƙone a bar shi tukuna, domin yana kare na ciki in ɗari ya komo. Amma wanda ya zama ruwa-ruwa yana wari, a yanke shi, gama ruɓa takan bi ta nan ta shiga jikin da ke lafiya. A yanka da wuƙa mai kaifi mai tsabta har a kai wuri mai tauri, a bar bakin yankan ya bushe a iska. A wanke wuƙar kafin a taɓa wani tsiron.

Sa'an nan a duba cibiya, watau tsakiyar tsiron inda sabon ganye ke fitowa. A ja ƙaramin ganyen tsakiya a hankali. In yana da ƙarfi bai tugo ba, tsiron yana da rai ko da na kewaye duk sun mutu. In ya tugo da ruɓa, uwar ta tafi. Duk da haka kada a tone gindin nan da nan. A ba shi wata biyu ko uku na ɗumi, gama sau da yawa 'ya'ya sukan ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. Reshen da ya karye ya faɗi kuma, in da sauran wuri mai tauri a jikinsa, a yanke, a shanya a inuwa mako guda, a dasa.

Ina ruwanmu da wannan?

Wani zai ce, mu da ba mu taɓa ganin ruwa ya daskare a randa ba, me ya kai mu? Gaskiya ne, a yawancin ƙasarmu ɗari ba ya kai sifiri. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da fari, akwai 'yan'uwanmu masu lambu a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, a Timiya da kan dutsen Bagzam, wanda ƙwanƙolinsa ya wuce mita 2,000. A can, cikin Disamba da Janairu, akwai dararen da ruwa ke daskarewa. Ɗarinsu yawanci irin na dare mai garau ne, wanda rufi da zaɓen wuri ke maganinsa. Abin da muka faɗa game da kwari da tudu, da rufi har ƙasa, ya shafi dankalinsu da tumatirinsu ma. Akwai kuma 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Ingila da Amurka da Kanada, waɗanda sukan ajiye tukunyar alobera a bakin ƙofa. Ku gaya musu su shigar da ita ɗaki tun kaka.

Na biyu, ko ɗarin bai daskarar ba yana da nasa lahani. A Jos da kewaye, inda ƙasa ta hau wajen mita 1,200, daren hunturu yakan sauka kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. A irin wannan sanyi alobera takan daina girma, ganyenta ya yi ja-ja. Mai ita ya ga haka ya ce ƙishi ne, ya yi ta zuba ruwa safe da yamma, har gindin ya ruɓe. A lokacin hunturu sai ƙasar tukunya ta bushe sarai kafin a ba da ruwa, a ba da shi da hantsi, a kuma kau da tukunyar daga bakin iska zuwa jikin bango.

Na uku ya shafi kowa. A shekarar 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe masu fari su mai da hankali ga nopal, domin yana ciyar da dabbobi sa'ad da ciyawa ta ƙare. Sabbin tsire-tsire za su ci gaba da zuwa mana, wasu kuwa masu amfani ne ƙwarai. Manoman Riyo Girande sun dasa alobera bisa ga shekarun da suka saba gani, sai shekarar da ba su saba gani ba ta zo ta kwashe. Kafin mu cika gona da baƙon iri, mu tambayi tsofaffin garinmu wace shekara ce ta fi muni da suka taɓa gani, ta ɗari, ko ta fari, ko ta ambaliya. Mu gwada irin a ɗan wuri tukuna. Mu kuma ajiye iri a gefe kowace shekara, ko da muna ganin ba abin da zai faru.

Ku karanta wa maƙwabtanku da ba su sami wannan takarda ba, ku tattauna a taron ƙungiyarku. Masu lambu a wuraren ɗari kuma, ku rubuto mana yadda kuke kare shukarku, domin wasu su ƙaru. Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Mu kwana lafiya.